Tafiya Soweto, garin da aka gina nesa da gangan

Ruwa ake tsugawa a Kano ranar da na tashi, irin na watan Agusta mai wuni yana zuba, amma a jakata akwai rigunan sanyi da safa da hula mai rufe kunne. Ɗan ƙanwata da ke karatu a Johannesburg, a Afirka ta Kudu, shi ne ya dage a waya: "Kawu, kada daminar gida ta ruɗe ka, mu nan hunturu muke ciki." Ziyararsa ce ta kai ni, sai dai ina da wata buƙata tawa ta daban. Ni malamin labarin ƙasa ne, na daɗe ina zana tudun Witwatersrand a allo ina gaya wa ɗalibai cewa zinariya ce kwance a ƙarƙashinsa. Tun kafin in taso na ce masa ya nema mini masauki a cikin Soweto, garin da aka gina wa baƙaƙen fata a gefen Johannesburg, ba otal a tsakiyar birni ba.

Biza ta ci lokaci da takardu: wasiƙar gayyata, bayanin asusun banki, shaidar masauki, da katin rigakafin shawara. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka bi ta Addis Ababa, muka canja jirgi cikin dare, da asuba muka sauka a filin jirgin O. R. Tambo. Jami'ar shige da fice ta juya koren fasfona ta sake juyawa, ta nemi katin rigakafi da tikitin komawa, sannan ta tambayi inda zan sauka. Da ta ga adireshin Orlando, wata unguwa a Soweto, sai ta ɗago kai ta dube ni da kyau, ta ce mahaifiyarta a Meadowlands take, ita ma unguwa ce a Soweto, ta buga hatimi.

Sanyin da ya tare ni a waje busasshe ne mai tsaga leɓe. Johannesburg tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,750 daga teku, ta ɗara Jos da wajen mita 500, kuma damina tasu tana zuwa ne lokacin da muke cikin rani. Ciyawa duk ta bushe ta yi ruwan ƙasa. A hannun hagu suke tuƙi, hannun da Najeriya ta bari tun 1972. Daren farko na yi shi a ɗakin yaron a Mayfair, unguwar Indiyawa da Somaliyawa, inda masallaci da naman halal ba sa wuya. Washegari muka nufi tashar ƙananan bas da ke titin Bree.

Motocin nan masu cin mutum goma sha biyar su ne jijiyar Soweto. Ba su da yaron mota. Fasinjoji ke tara kuɗin layi-layi, na baya ya miƙa wa na gaba, wanda ya zauna kusa da direba shi ne mai lissafi da ba da canji, ko yana so ko ba ya so. Mai jira a bakin titi kuwa da yatsu yake nuna inda za shi, direba ya gane ya tsaya ko ya wuce. Kuɗin kowannenmu bai kai rand 30 ba.

Muna fita daga cikin birni ta kudu maso yamma na fara ganin abin da na zo dominsa. Tsaunuka ne dogaye masu shimfiɗaɗɗen kai, launinsu rawaya-rawaya zuwa fari, gefensu a zaizaye, a jere kamar an auna da igiya. Ba halittar farko ba ce, hannun mutum ne ya tara su. A 1886 aka gano zinariya a gonar Langlaagte, a shekarar aka kafa Johannesburg, kuma jijiyar zinariyar ta miƙe ne daga gabas zuwa yamma. Duk dutsen da aka haƙo aka niƙe aka tace da guba, a nan gefen ramin aka zubar da dusarsa, shekara da shekaru, har ta zama tuddai. Wanda ya san ramukan kuza na Bukuru da Barikin Ladi zai gane irin tabon da haƙar ma'adinai ke bari, sai dai na nan ya fi girma nesa ba kusa ba. A watan Agusta iska ke tashi a wannan ƙasa, kuma na ga ƙurar tana tasowa daga kan tuddan tana sauka a kan rufin gidaje. Akwai ɓurɓushin yuraniyom da sauran guba a cikinta. Wata mata da ke kusa da ni ta ja gyalenta ta rufe hancin jaririnta ba tare da ta ko dubi taga ba.

Masu kuɗi da Turawa sun gina unguwanninsu a arewacin tudun, inda ƙura ba ta damunsu. Baƙaƙen da ke shiga ramin aka tura su kudu maso yamma, bayan tuddan juji, bayan layin dogo da filin masana'antu. Wannan fili na tsakani shi ne katangar, ba a buƙaci bulo ba. Abin ya tuna mini da tsarin da Turawan Ingila suka yi mana. Dokar garuruwa ta zamanin Lugga ta 1917 ta zo da tsarin barin fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, shi ya sa a garuruwanmu da dama za ka tarar da filin sukuwa ko na golf a gefen GRA. Sabon Garin Kano ma wajen 1913 aka yanka shi domin baƙi, a wajen ganuwa. Tunanin iri ɗaya ne. Bambancin shi ne mu Birni ya zauna a hannun masu shi, Bakano bai taɓa neman takardar izini ba kafin ya kwana a Kano. Su a nan birnin kacokan aka ce ba nasu ba ne, aiki kawai ya kawo su.

Ta hannun dama muka hango babban filin ƙwallon Nasrec mai siffar ƙwarya. Yaron ya taɓo ni: "Kawu, ga inda Sunday Mba ya ci Burkina Faso." A nan Najeriya ta ɗauki kofin Afirka a Fabrairun 2013, a nan kuma aka fitar da Ghana a gasar duniya ta 2010 bayan Suarez na Uruguay ya tare ƙwallo da hannu. Direban ya ji mun ambaci Ghana, ya girgiza kai, ya ce har yau abin na yi musu ciwo.

Ta Diepkloof muka shiga. Abin da ya fara ba ni mamaki gidaje ne masu bene da gareji da shuke-shuke, waɗanda ko a Nassarawa GRA aka ajiye su ba za su ji kunya ba. Tsallaken titi kaɗan kuma ga dogayen ɗakuna na bulo jere-jere kamar bariki, tagogi a farfashe, ruwan datti na gudu a tsakani. Waɗannan su ne masaukan da aka gina wa ma'aikata maza zalla, waɗanda aka hana su zuwa da iyali daga ƙauye. Daga nan sai asibitin Chris Hani Baragwanath, wanda aka buɗe a 1942 domin sojojin Ingila na yaƙin duniya na biyu, yanzu yana da gado fiye da 3,000. A 1997 aka ƙara masa sunan Chris Hani, jagoran yaƙi da wariyar launin fata da aka harbe a 1993. Gaban asibitin tasha ce da kasuwa, da gadar masu tafiya a ƙasa, ga masu gasa masara, masu sayar da magungunan gargajiya, masu aski a cikin tanti. A nan muka canja mota zuwa Orlando.

Mai masaukina tsohuwa ce da ta haura saba'in, kowa Gogo yake ce mata, ni ma na bi sahu. Ita kuma Baba take kirana. Rand 450 take karɓa a dare har da karin kumallo. Gidan asalinsa irin wanda suke kira akwatin ashana ne: ɗaki huɗu ƙanana na jan bulo, rufin asbesto, ban-ɗaki a bayan gida. Daga baya ta ƙara ɗakunan baƙi biyu da katanga. Ta nuna mini inda tsohon ginin ya tsaya da inda sabon ya fara. Dubban gidaje irinsa aka zuba a layi a shekarun 1950, musamman bayan attajirin ma'adinai Ernest Oppenheimer ya shirya wa hukumar birni rancen fam miliyan 3 a 1956.

A kicin muka yi hirar dare, kusa da tsohon murhun kwal na ƙarfe wanda har yanzu take hurawa in sanyi ya tsananta ko an ɗauke wuta. Ba a Soweto aka haife ta ba. A Sophiatown aka haife ta, unguwar da ke kusa da tsakiyar birni, ɗaya daga cikin 'yan wuraren da baƙar fata ke iya mallakar fili a wancan lokaci. Ranar 9 ga Fabrairu 1955 'yan sanda 2,000 suka dira unguwar da manyan motoci, aka fara kwashe mutane zuwa Meadowlands. Cikin 'yan shekaru an kwashe kimanin mutum 60,000, aka rushe unguwar, aka gina wa Turawa gidaje a kan kufanta, aka sa mata suna Triomf. Gogo tana ƙarama lokacin. Abin da ta riƙe shi ne mahaifiyarta zaune a bayan mota a kan katifa, rungume da keken ɗinki. "Baba," in ji ta, "da muka isa babu bishiya ko ɗaya. Gidajen duk iri ɗaya. Yara kan ɓata, su yi ta kuka a layi, ba su gane ƙofarsu ba."

Tarihin garin ya girmi Sophiatown ɗin ma. A 1904 annoba ta ɓarke a unguwar talakawa ta tsakiyar Johannesburg, hukuma ta ƙone unguwar, ta kwashe baƙaƙen ta kai su Klipspruit, dab da inda ake zubar da najasar birni. Wannan ne tushe. A farkon shekarun 1930 aka yanka Orlando, aka ba ta sunan wani kansila Bature, Edwin Orlando Leake. Da yaƙin duniya na biyu ya buɗe masana'antu, jama'a suka kwararo daga karkara, gidaje suka yi kaɗan, iyali uku na cunkushe a gida ɗaya. A 1944 James Mpanza, wanda ake wa laƙabi da Sofasonke, ya ja dubban marasa gida suka mamaye wani fili a Orlando suka kafa bukkoki na buhu. Shi ke raba fili, shi ke karɓar kuɗin shiga, yana da 'yan doka da kotunsa, yana yawo a kan doki. Hukuma ba ta da yadda za ta yi sai ta fara gini. Har yau ana kiransa uban Soweto. Sunan Soweto kansa sai a 1963 aka tabbatar da shi, an harhaɗa shi daga farkon kalmomin Ingilishi masu nufin unguwannin kudu maso yamma.

Da safe jikan Gogo, saurayi mai tsohuwar mota, ya yarda ya zaga da mu in na zuba mai na ba shi rand 600. Sai da muka yi ta tafiya na gane cewa Soweto ba unguwa ba ce, tarin unguwanni ne sama da talatin a shimfiɗe kan faɗin kimanin murabba'in kilomita 200. Ƙidayar 2011 ta samu mutum miliyan 1.27 a ciki. Ƙasar tudu da kwari ce mai sauƙin hawa, rafin Klip da rassansa sun ratsa ta, da fadamu masu dogayen ciyayi da suka raba unguwa da unguwa. Gwamnatin wariya, wadda ta hau mulki a 1948, ba ta tsaya ga raba baƙi da fari ba. Ta bi baƙaƙen ta raba su bisa harshe. Naledi, Mapetla, Tladi, Moletsane da Phiri na masu jin Sotho da Tswana. Zola, Jabulani, Emdeni da Dlamini na Zulu da Xhosa. Chiawelo na Tsonga da Venda. Indiyawa an kai su Lenasia can kudu, masu ruwa biyu kuma Eldorado Park. Jikan Gogo yana jin harshe biyar, yana sauyawa daga wannan zuwa wancan a cikin zance ɗaya, kuma ya ce yawancin abokansa haka suke. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai, domin shi ne wurin da shirin masu raba kan jama'a ya fi faɗuwa ƙasa.

Ya nuna mini yadda hanyoyin shiga garin suke 'yan kaɗan a asali, yadda motocin 'yan sanda ƙalilan za su iya toshe shi. Ba a yi shi don ya tsaya da ƙafarsa ba. An taƙaita wa baƙar fata kasuwanci, ɗan shago ɗaya na kayan masarufi kawai, don kuɗin albashi ya koma kantunan Turawa a birni. Gida kuwa haya ce daga hukuma, sai a 1978 aka yarda da hayar shekara 99. Kowane baligi yana yawo da littafin izini a aljihu, wanda ya nuna inda aka yarda ya zauna da wanda yake wa aiki, in babu shi sai kurkuku ko a mayar da mutum ƙauyen da wataƙila bai taɓa gani ba. Sai 1986 aka soke wannan doka.

Duk inda ka tsaya a gabashin garin kana hango hasumiya biyu na tsohuwar tashar lantarki ta Orlando, masu tsawon kimanin mita 100, an yi musu zane mai launi daga sama har ƙasa. Tashar ta fara aiki a 1942, aka rufe ta a 1998. Kwal take ƙonawa, wutar ta tafi Johannesburg, hayaƙin ya sauka a Orlando. Gogo ta ce da kyandir da fitilar kananzir ta yi renon 'ya'yanta, tana kallon hasumiyar ta taga, domin yawancin gidajen Soweto sai a shekarun 1980 suka samu lantarki. Yanzu matasa da 'yan yawon buɗe ido ke hawa can sama, a ɗaure musu igiya a ƙafa su faɗo.

Titin Vilakazi a Orlando ta Yamma shi ne inda motocin baƙi ke tsayawa. Sunan wani mawaƙi kuma malamin harshen Zulu ne, Benedict Vilakazi. A kan titin akwai gida mai lamba 8115, inda Nelson Mandela ya tare a 1946, da kuma gidan Desmond Tutu, mutum biyu da suka samu kyautar Nobel ta zaman lafiya, ɗaya a 1984 ɗaya a 1993. Gidan Mandela ƙarami ne kamar na Gogo, akwai tabon harsashi da na ƙuna a bangonsa. Da aka sake shi a Fabrairun 1990 ya dawo nan, ya yi kwana 11 kacal. Titin cike yake da gidajen abinci masu tsada da masu rawa da masu sayar da riguna, ban daɗe ba.

Inda na daɗe shi ne gidan tarihin Hector Pieterson, tafiyar 'yan mintoci daga nan. A 1974 gwamnati ta ba da umarnin a koyar da lissafi da darussan zamantakewa da harshen Afrikaans a makarantun baƙar fata, harshen da malaman kansu da yawa ba su iya ba, kuma harshen ɗan sandan da ke tambayar littafin izini. Ina malami, na san abin da ake nufi da a ce yaro ya koyi lissafi da harshen da ba ya ji. Ranar 16 ga Yuni 1976 ɗalibai tsakanin 10,000 da 20,000 suka fito daga makarantu irin su Morris Isaacson da Naledi, suka nufi filin wasa na Orlando. 'Yan sanda suka tare su a nan Orlando ta Yamma suka buɗe wuta. Hector, ɗaya daga cikin yaran da aka harbe har lahira, yana da shekara 12. Hoton da Sam Nzima ya ɗauka, na wani saurayi Mbuyisa Makhubo ɗauke da shi, yayarsa Antoinette na gudu a gefe tana kuka, shi ya zaga duniya. Kwamitin binciken gwamnatin kanta ya ƙirga mutum 575 da suka mutu a tarzomar da ta biyo baya a faɗin ƙasar. A farfajiyar gidan tarihin an baza tubala a kan tsakuwa, kowanne da sunan wanda aka kashe. Na tsuguna ina karantawa har ƙafata ta yi sanyi.

A nan na ji sunan ƙasata. Mbuyisa ya gudu daga ƙasar saboda farautar 'yan sanda, kuma wasiƙar ƙarshe da mahaifiyarsa ta samu daga gare shi daga Najeriya ta fito, a 1978. Tsietsi Mashinini, jagoran ɗaliban, shi ma ya zauna a Najeriya kafin ya rasu a Gini a 1990. A 1976 ɗin Najeriya ta kafa asusun tallafa wa kudancin Afirka, ma'aikatan gwamnati suka ba da wani kaso na albashinsu, 'yan makaranta suka yi karo-karo. Ranar yaran Afirka da muke yi duk 16 ga Yuni a makarantunmu, daga wannan titi ta samo asali, ƙungiyar haɗin kan Afirka ce ta tsayar da ita a 1991. Ɗalibaina da yawa suna yin bikin ba su san jinin da ke bayansa ba, kuma na ɗauki alkawarin gyara wannan a ajina.

Mun leƙa cocin Regina Mundi a Rockville, inda ɗalibai suka fake a ranar, 'yan sanda suka bi su ciki da harbi. An bar ramukan harsashi a silin yadda suke. Ranar Juma'a kuma na yi salla a masallacin Dlamini, tare da 'yan Malawi, Somaliyawa, 'yan Bangaladash da 'yan asalin Soweto da suka musulunta. Shi ma masallacin yana da nasa tabon: a Oktoban 2002 wasu Turawa masu tsattsauran ra'ayi sun tayar da jerin bama-bamai a Soweto, ɗaya ya same shi.

Abinci sai da lura, domin naman alade yana shiga cikin kayan haɗi da yawa. Abin da ya fi yawa shi ne pap, tuwon masara fari mai tauri, da chakalaka, wato wake da karas da tattasai da yaji. Akwai amasi, madara mai tsami da ba ta da maraba da kindirmo, da magwinya, fanke manya da ake ci da shayi da safe. Abincin matasa kota ne: a yanki kwatan burodi a rarake cikinsa, a cusa soyayyen dankali, ƙwai, cuku, yajin mangwaro da nama. Nawa na ce a bar shi a ƙwai da dankali, rand 35, kuma ya riƙe ni har dare. Gogo da kanta ta aika Lenasia aka sayo kaza ta halal ta dafa mini, ba tare da na roƙa ba.

Kliptown ce ta fi tsaya mini a rai. A wani fili a nan, ranakun 25 da 26 ga Yuni 1955, wakilai kimanin 3,000 na kowane launi suka amince da Kundin 'Yanci, takardar da ta zayyana irin ƙasar da masu yaƙi da wariya ke so, 'yan sanda na kewaye da su. A Disambar 1956 aka kama mutum 156 bisa zargin cin amanar ƙasa. Yanzu an gina dandali mai sunan Walter Sisulu, abokin gwagwarmayar Mandela, da hasumiyar bulo wadda aka zana sassa goma na kundin a cikinta. Ɗaya daga ciki ya yi alkawarin gidaje da tsaro da walwala. Ka fito daga hasumiyar ka tsallaka layin dogo, ba ka yi tafiyar minti biyar ba, sai ga bukkokin kwano da langa-langa manne da juna, famfo ɗaya na mutane da yawa, ban-ɗakin roba a jere a bakin hanya, wayoyin wuta na sata a ƙasa yara na tsallakawa. In rafin Klip ya cika, cikin ɗakunan yake shiga. Na ga talauci a gida, ba baƙona ba ne, amma ganinsa dab da inda aka rubuta wancan alkawari ya sa na kasa cewa komai. Gaskiya ne an yi aiki tun bayan 1994: an haɗe Soweto da Johannesburg ƙarƙashin hukuma ɗaya, an shimfiɗa kwalta a yawancin layuka, an dasa bishiyoyi, a 2007 Richard Maponya, wanda ya fara da sayar da madara a zamanin takunkumi, ya buɗe katafaren kanti a Klipspruit. Amma aikin bai iso wannan gefen layin dogo ba.

A hanyar komawa muka tarar da shingen 'yan sanda a babban titin Chris Hani. Suka duba lasin direba, suka ji harshenmu, suka nemi fasfo. Yaron ya riga ya gargaɗe ni kada in fita ba shi. Suka duba biza suka sallame mu. Zaman baƙo ɗan Afirka a ƙasar nan yana da nauyi. A Janairun 2015 an wawashe shagunan baƙi a Soweto, a 2019 an kwaso ɗaruruwan 'yan Najeriya daga Johannesburg bayan hare-hare, kuma ƙungiyar Operation Dudula mai korar baƙi a nan Soweto ta taso a 2021. Ɗan shagon layin Gogo Bahabashe ne, ta bayan ragar ƙarfe yake miƙo burodi, a cikin shagon yake kwana. Da na ce masa assalamu alaikum ya riƙe hannuna ta cikin ragar ya daɗe bai saki ba. Na tayar da maganar da Gogo, na gaya mata abin da ƙasata ta yi musu. Ta ce ta sani, mutanen zamaninta sun sani. "Jikokinmu ne ba su da aiki, Baba, kuma mai jin yunwa wanda ke kusa da shi yake duka." Ban karɓi wannan a matsayin uzuri ba, ita ma ba ta ba da shi a matsayin uzuri ba.

Kafin in tafi ta buɗe wata tsohuwar jaka ta fito da takardar mallakar gidan, a naɗe cikin leda. Bayan faɗuwar mulkin wariya ta same ta, bayan shekaru tana biyan haya a gidan da ta haifi 'ya'yanta. Ta ce dillalai sun sha zuwa, ba za ta sayar ba. Maƙwabtanta da yawa sun cika bayan gida da ƙananan ɗakuna suna ba 'yan Mozambik da Zimbabuwe da masu zuwa daga karkara haya, da kuɗin suke ci.

Ranar komawa na tashi sallar asuba na tarar layin ya riga ya cika da mutane cikin manyan riguna da huluna, kowa na sauri, numfashi na fita kamar hayaƙi. Ma'aikata ne masu tafiya birni da unguwannin arewa. Muka bi su zuwa tashar bas ɗin Rea Vaya, wanda aka fara a 2009 da hanyarsa ta daban a tsakiyar titi. Kusa da ni wata yarinya ce mai aikin karɓar kuɗi a wani kanti can arewacin Sandton. Ta ce ƙarfe huɗu take tashi, mota biyu take hawa zuwa, biyu dawowa, ba ta isa gida sai bayan isha, kuma kuɗin mota ne ke fara cinye albashinta kafin abinci. Kakarta ma wannan hanya ta bi shekara talatin tana aikatau a gidajen Turawa, a jirgin ƙasa. Dokar da ta ajiye su a nan an soke ta tun 1991, amma ayyukan suna can inda suke, gidajen suna nan inda aka zuba su, tuddan juji na tsakani. Muka wuce Diepkloof, muka wuce filin ƙwallo, rana ta fara fitowa lokacin da muka shiga tsakiyar birni. Ni da yaron muka nemi motar filin jirgi, ita kuma ta sauka da gudu ta kama layin mota ta biyu.